Reshe Ko Ganye?

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san ilmi ba ya samuwa a banza. Manomi ya kan taso daga gona da gajiya, ya bar hirar dandali, ya je ya zauna gaban allo. Mai tebur ya kan rufe teburinsa da la'asar, ko da ya ke ya san lokacin ne masu saye ke zuwa. Ko wanensu ya ba da wani abu kafin ya karɓi wani. Amma abin da suka bayar kaɗan ne, sa'a biyu ko uku a yini. Gona tana nan, tebur yana nan.

Akwai wani irin neman ilmi wanda ya fi wannan tsada nesa. Shi ne mutum ya ajiye aikin da ya ke ciyar da iyalinsa da shi, ya koma makaranta shekara guda ko biyu, ba albashi. Hausawa sun ce kada a saki reshe a kama ganye. Wannan gaskiya ne. Sai dai mutumin da ke bisa itace ba kullum ya ke iya rarrabe reshe da ganye ba, gama wani reshen gara ta cinye cikinsa, wani ganyen kuwa reshe ne ya ɓoye a bayansa.

Labarin nan na wani ma'aikacin banki ne a Kano, wanda wannan shawara ta sha masa kai a shekarar 1445 ta Hijira, watau cikin 2024. Shekarunsa 33 a lokacin, ya yi tara daga ciki yana aikin banki. Yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Mahaifinsa ya rasu, saboda haka mahaifiyarsa da ƙannensa biyu da ke makaranta duk suna wuyansa. Aikinsa a sashen ba da rance ne. In ɗan kasuwa ya zo neman rance, daga Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, shi ne zai duba littattafansa, ya je ya ga shagonsa da rumbunsa, ya kimanta jinginar da ya kawo, sa'an nan ya rubuta wa manya ko a ba shi ko a hana. Albashi ba ya latti. In yaro ya yi ciwo akwai asibitin da banki ke biya. A unguwarsu ana ganin girmansa.

Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Dalili na farko, ya lura ya iya gane kasuwancin da zai faɗi, amma bai san yadda a ke tayar da wanda zai tsaya ba. Ya zama kamar mai awon hatsi wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Na biyu, sau biyu ana ƙarin girma ana tsallake shi, waɗanda aka ɗaga kuwa suna da wata takarda wadda shi ba shi da ita. Na uku, ya ga manyansa da suka shekara ashirin a wurin, ya ga aikinsu nasa ne, ɗaki ne kawai ya fi girma. Sai ya fara tunanin makarantar koyon kasuwanci.

Mece ce wannan makaranta?

Makaranta ce ta manya, ba ta yara ba. Yawancin masu shiga sun riga sun yi digiri, sun kuma yi aiki shekaru kaɗan. Takardar da ta ke bayarwa digiri na biyu ne na tafiyar da harkokin kasuwanci, wanda Turawa suka taƙaita sunansa da haruffa uku, MBA. Ana koyar da lissafin shiga da fita, da yadda a ke samo jari a juya shi, da yadda a ke yanka wa kaya farashi a kai su kasuwa, da yadda a ke ɗaukar ma'aikata a riƙe su, da yadda shugaba ke yanke shawara sa'ad da bai san abin da gobe za ta haifa ba.

Irin makarantun nan sun daɗe. An buɗe ɗaya a birnin Faris a 1819. A Amurka, wani attajiri mai masana'antar ƙarfe, Joseph Wharton, ya ba da dala 100,000 a 1881 aka kafa wata a Filadelfiya, har yau da sunansa a ke kiranta. Jami'ar Harvard ta fara nata digirin a 1908, ita ce kuma ta yi suna da wata hanyar koyarwa: a ba ɗalibai labarin wani kamfani na gaske da matsalar da ta same shi, su karanta da dare, da safe su yi ta gardama a kan abin da ya kamata shugabansa ya yi. An kafa INSEAD a Faransa a 1957, ta London kuwa a 1964. A Nijeriya, tun 1947 aka buɗe makarantar koyar da akawuna a Zariya, wadda ta girma ta zama makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ta Ikko, watau Legas, ta fara a 1991. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da tata, mai ɗauke da sunan Dangote.

Abu uku mutum ke fitowa da su. Na ɗaya ilmi. Na biyu takarda, wadda ke buɗe wasu ƙofofi. Na uku abokai, gama wanda kuka kwana kuna gardama da shi yau, gobe shi ne manajan wani kamfani. Ilmin ana iya samun yawancinsa cikin littattafai da intanet. Takardar da abokan su ne ke sa wata makaranta ta fi wata tsada ninkin ba ninkin.

Lissafin farko

Da ya ke mutumin ma'aikacin rance ne, sai ya yi wa kansa abin da ya saba yi wa 'yan kasuwa. Ya ɗauki takarda ya raba ta biyu. Nan take ya ga kuɗin karatun iri biyu ne. Akwai wanda za a biya makaranta, kowa yana ganinsa. Akwai kuma wanda ba a gani, shi ne albashin da zai daina shigowa. Mutane da yawa su kan manta da na biyun, alhali shi ne tuwon gidan.

A ƙaddara albashinsa naira 600,000 ne a wata. In ya tafi shekara biyu, wata 24 ke nan, ya bar naira 14,400,000 a kan tebur tun bai biya ko kwabo ba. Sa'an nan ya duba na makaranta. A 2024 kuɗin karatu kaɗai a Harvard ya haura dala 70,000 a shekara, ban da ɗaki da abinci da jirgi. Shekara biyu, dala 140,000 ke nan a ƙalla. A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma cikin 2024 ta wuce naira 1,500. Da ya buga 140,000 sau 1,500, sai ya sami naira miliyan 210. Ya raba da albashinsa, ya sami wata 350. Watau sai ya yi aiki shekara 29 da 'yan watanni, bai ci ba, bai sha ba, bai sai wa yaro ko takalmi ba, kafin ya tara kuɗin allo kawai.

Wannan lissafi ya koya masa abu guda. Ɗan Amurka da ya ci bashin dala zai biya da albashin dala. Wanda ya ci bashin dala yana nufin komowa gida ya biya da naira kuwa, ya ɗauki kayan da ke ƙara nauyi yana bisa kansa. Shi da kansa ya sha hana 'yan kasuwa rance saboda wannan dalili. Makarantun Turai masu shekara guda sun fi sauƙi, gama albashin shekara ɗaya kaɗai za a bari, amma su ma da kuɗin waje a ke biya. Na gida su ne a ke biya da naira, kuɗinsu kuwa bai kama ƙafar waɗancan ba.

Shawarar Baffa

Shawara ɗaukar ɗaki ce. Ya fara zuwa wurin ƙanen mahaifinsa, tsohon ɗan kasuwar hatsi. Bayan gaisuwa ya kwashe labari ya gaya masa. Tsohon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ashe kasuwa a aji a ke koyonta? Alhassan Ɗantata wace makarantar kasuwanci ya shiga? Ubanka ya sha rana kafin ka sami wannan kujera. Yanzu ka samu, za ka tashi ka ba wani?"

Ya ce, "Baffa, ba raina kujerar na yi ba."

Baffa ya ce, "To, hangen Dala ba shiga birni ba ne. In kasuwa ka ke so, ga rumbuna, zo ranar Asabar ka zauna. Ba zan karɓi dala a hannunka ba."

Maganar Baffa tana da nauyi, bai kuwa yi musu da shi ba. Lalle Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, bai zauna irin wannan aji ba, ga shi kuwa a zamaninsa ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Har ana ba da labari cewa raƙuma ashirin ne suka ɗauko kuɗin azurfarsa ranar da ya fara ajiya a bankin Turawa. Amma da mutumin ya koma gida ya yi tunani, sai ya ga wani gefen labarin. Ɗantata ya yi nasa karatun, sai dai a hanyar Gwanja ya yi shi, yana fataucin goro, ya sha wuyar shekaru. Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, bai ce shi na goro ne ya tsaya nan ba. Ya koyi sabon abu ya shiga. Ashe darasin da ke cikin labarinsa ba ƙin karatu ba ne. Darasin shi ne mutum ya san inda ilmin sana'arsa ya ke a zamaninsa, ya je can ya ɗauko. A yau mai son kai riɗi ko zoɓo ƙasar waje sai ya san takardun banki, da dokar kwastan, da awon ingancin da masu saye ke nema. Wani ɓangaren yana rumbun Baffa, wani kuwa ba ya nan.

Reshen ma a duba shi

Kowa yana ce masa aikin banki tabbatacce ne. Sai ya ga ya kamata ya auna wannan magana kamar yadda ya ke auna jingina. A 2004 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Charles Soludo, ya ce ko wane banki ya tara jarin naira biliyan 25. Kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25, wasu sun haɗe, wasu sun rufe, ma'aikata da yawa suka koma gida. A watan Satumba na 2008 bankin Lehman Brothers na Amurka, wanda ya haura shekara 150, ya rushe, ma'aikatansa wajen 25,000. A watan Agusta na 2009 Babban Banki ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, ya zuba naira biliyan 420 don kada su nitse. A watan Yuni na 2024, yana cikin wannan tunani, aka soke lasisin wani banki. Ban da wannan, ga na'ura. Aikin da akawu goma ke yi a bayan kanta da, yanzu wayar hannu da ɗan akwatin mai POS a bakin titi suna yin yawancinsa.

Wannan bai nuna aikinsa ba shi da amfani ba. Abin da ya nuna shi ne, zama ma yana da nasa haɗari, sai dai ba a jin ƙararsa. Mai tashi ya kan ga haɗarinsa rana ɗaya. Mai zama kuwa nasa a hankali ya ke taruwa, har ranar da za a miƙo masa takarda yana da shekara 45, ba abin da ya iya sai aikin tebur guda.

Amma kada mai karatu ya ɗauka ita makarantar tudun mun tsira ce. Cikin waɗanda suka gama Harvard ɗin kanta a 2024 suna neman aiki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su samu ba bayan wata uku. In haka ta faru ga masu takarda mai tsada irin wannan, ina ga sauran? Takarda tana buɗe ƙofa in akwai ƙofar. In shekarar ta zo da karayar tattalin arziki, mai takarda da marar takarda layi ɗaya su ke bi.

Wani abokinsa ya kawo masa misalin Sanusi Lamiɗo Sanusi. Shi ya shiga aikin banki a 1985, a 1991 ya ajiye ya tafi Hartum ta ƙasar Sudan ya yi karatun Larabci da shari'a, ya komo aikin banki a 1997. A farkon 2009 ya zama shugaban First Bank, a tsakiyar shekarar ya zama Gwamnan Babban Banki, a 2014 ya hau gadon sarautar Kano. Abokin ya ce, "Ka gani? Shekara shida ya bar kujera, bai rasa kome ba." Misalin gaskiya ne, kuma ya nuna barin aiki don karatu ba mutuwa ba ce. Amma akwai abu biyu a ciki. Na ɗaya, shi ya san ilmin da ya tafi nema, kuma ya tafi da sana'ar da ya iya komowa gare ta. Na biyu, labarin waɗanda suka yi nasara ne a ke bugawa. Wanda ya tafi ya komo da bashi, ya sayar da filin gado, ba mai rubuta tarihinsa. Mai auna hanya da labarin waɗanda suka isa kaɗai, bai ƙirga kaburburan bakin hanya ba.

Hanyoyin tsakiya

Sa'an nan ya sami manajansa, dattijo mai kirki, ya ce, "Ranka ya daɗe, shawara na zo nema, ba sallama ba."

Manaja ya ce, "Malam, amsa mini tambaya ɗaya. Hawa ka ke so cikin wannan gida, ko fita ka ke so? In hawa ne, ba ka bukatar barin albashi. Ga jarrabawar ƙungiyar akantoci, ICAN, wadda doka ta kafa tun 1965. Ga ta ƙungiyar ma'aikatan banki. Da dare a ke karanta su, kuɗinsu kaɗan ne. Ga kuma MBA ɗin na Asabar da Lahadi. In kuwa fita ka ke so ka canja sana'a, to, wannan wata magana ce."

Ya kuma ambata masa tallafin karatu. Gwamnatin Ingila tana da wani mai suna Chevening tun 1983, na digiri na biyu mai shekara guda. Sharaɗinsa mutum ya yi aiki a ƙalla shekara biyu, ya kuma yi alkawarin komowa ƙasarsa ya zauna shekara biyu bayan ya gama. Sai dai masu nema suna da yawa ƙwarai, a kan MBA kuma akwai iyakar da tallafin ya tsaya, saura mutum ya cika da kansa.

Mutumin ya nemi tallafin, bai samu ba. Ya auna karatun ƙarshen mako, ya ga aikinsa ba ya ƙarewa sai bayan isha'i, Asabar ma sau da yawa yana bin masu bashi. Ya ga waɗanda suka yi haka a ofis, sun sami takardar, amma da gyangyaɗi suka same ta. Ya rubuta ya roƙi hutun shekara guda ba albashi, a riƙe masa kujerarsa. Amsa ta zo daga hedkwata, ba a yarda ba. Hanyoyin tsakiya suka toshe, saura biyu: zama ko tashi.

Tambayar uwargida

Har yanzu bai gaya wa matarsa kome ba sosai, ko da ya ke ta lura. Wata rana bayan yara sun yi barci ya shimfiɗa mata takardun duka. Ita malamar firamare ce, tana ɗinki kuma a gida. Ta saurara har ya gama. Ba ta tambayi kuɗi ba. Cewa ta yi, "Maigida, in ka gama ka komo, me za ka yi wanda yau ba za ka iya yi ba?"

Ya buɗe baki ya rufe. Wata shida yana lissafi, bai taɓa rubuta amsar wannan ba. Ya san abin da ya ke gudu, bai san abin da ya ke nufa ba. Wannan kuwa ita ce babbar tambaya ga duk mai irin wannan niyya. Mutane da yawa su kan ce makaranta su ke so, alhali gajiya ce ta kama su, ko manaja ne ya ɓata musu rai. Mai gajiya hutu ya ke bukata, mai fushi da manaja kuwa wani banki. Ba wanda ya kamata ya sayi hutu da albashin shekara guda.

Ya ɗauki kwana arba'in kafin ya kawo mata amsa. Cikin kwanakin nan ya karɓi tayin Baffa, ya zauna rumbu ko wace Asabar da ya samu. Ya ga riɗi yana fita daga Dawanau da ƙasa da tsakuwa, wasu su saya da arha, su tace, su sa a buhu mai suna, su kai tashar jirgin ruwa su ci ribar. Ya ga ɗan Baffa ya san hatsi da manoma, amma bai san takarda ba. Shi kuwa ya san takarda, bai san tafiyar da ma'aikata da injin da kasuwar waje ba. Sai ya rubuta amsarsa a layi biyu: yana so, shi da ɗan'uwansa, su kafa wurin tace riɗi, kuma ga abubuwa huɗu da ya rasa sani. Da ta karanta ta ce, "Yanzu na ji magana. Amma ba za mu taɓa kuɗin makarantar yara ba, ba kuwa za mu ci bashi ba." Ya ce ya yarda.

Saura mahaifiyarsa. Da ya ke shi ne ɗan fari, ba ta kama sunansa. Ya durƙusa ya yi bayani, ya ce, "Inna, in ba ki yarda ba, na fasa." Ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ce, "Ƙannenka fa?" Ya nuna mata ya ware nasu na shekara guda. Ta ce, "To, Allah ya sa alheri ne ya kira. A rabu da mutanen nan lafiya, kada a bar baya da ƙura."

Abin da ya yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ƙara wata goma sha ɗaya a kujerarsa yana tari. Ya sayar da motarsa ya sayi babur. Ya sayi hatsin shekara da kaka, ya biya hayar gida gaba. Ya bincika maganar fansho, ya ga tun dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, abin da a ke yanka a albashi yana cikin asusu mai sunan ma'aikaci ne, ba na banki ba: kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aiki. Saboda haka barin aiki ba ya cinye abin da aka tara, sai dai zubin ya tsaya. Ya cire ƙasar waje daga ransa, gama abin da ya ke nufi a gida ya ke, abokan da ya ke bukata ma a gida su ke. Ya nemi gurbi a wata jami'a ta gida, ya samu. A 2025 ya ba da sanarwar barin aiki bisa ka'ida, ya miƙa littattafansa daidai, ya bi ofis ofis ya yi sallama.

Ba a ce ya huta ba. Watan farko da ranar albashi ta zo wayarsa ba ta yi ƙara ba, bai yi barci ba. Wasu da ke gaishe shi da rusunawa suka koma ɗaga hannu. A aji ya tarar da yara waɗanda ya girme da shekara takwas sun fi shi saurin kwamfuta. Wasu darussan sun buɗe masa ido, wasu kuwa ya riga ya san su tun a banki. Da yamma ya kan rubuta wa 'yan kasuwa uku littattafansu, abin da ya ke samu bai kai rabin albashinsa na da ba. Nama ya ragu a miya. Wurin tace riɗi kuwa yana kan takarda tukuna, ana neman jari. Ko zai tsaya ko ba zai tsaya ba, wannan sanin Allah ne.

Ba kowa ne ma'aikacin banki ba, amma shawarar nan tana zuwa ƙofar mutane da yawa: direban da ke son barin mota ya koyi gyaranta, da masinjan da ke son komawa aji, da tela mai son koyon sabon keke. Wani in ya auna zai ga zama ya fi masa, kuma ba abin kunya ba ne, gama riƙe iyali da aikin halal ba ƙaramin abu ba ne. Wani zai ga tashi ya fi. Abin da ya wajaba a kan su duka ɗaya ne. Mutum ya lissafa kuɗin da zai biya da wanda zai daina samu. Ya duba reshen da ya ke kai da idon gaskiya. Ya iya faɗin abin da zai yi da ilmin cikin magana biyu, yadda mai ɗakinsa za ta gane. Ya nemi yardar waɗanda za su ji yunwa tare da shi, gama ba shi kaɗai ke biya ba. Ya tara guzuri, ya kuma rufe ƙofa a hankali, don wata rana ya kan yiwu ya komo ya ƙwanƙwasa ta. Wanda ya cika waɗannan, ya yi abin da ke hannunsa. Allah ya ba mai nema sa'a.